Sensa a bayan ma'aikaci: gyaran aiki ko neman laifi?

Jama'a wannan fasahar auna motsin jiki tana burge ni gaskiya, amma akwai inda take ban tsoro.

Ana ɗaura wa mutum 'yan ƙananan sensa a baya, kafaɗa da cinya, irin dai wanda ke cikin waya yake sa allo ya juya in ka karkata ta, ko kuma kyamara ta ɗauke shi kwamfuta ta fitar da gaɓoɓinsa tana auna yadda kowace ke lanƙwasawa. Kyamarar Kinect ɗin da Microsoft ya fitar a 2010 don wasan gem ma masu bincike sun yi ta aiki da shi, yanzu kuma manhajar OpenCap ta jami'ar Stanford da waya biyu kawai take auna motsin.

A da mai duba lafiyar ma'aikata takardar auna yanayin jiki wajen aiki yake riƙewa, irin RULA ko REBA, ya kalli mutum na 'yan mintoci ya ba shi maki, kuma kowa ya san in ana kallonka sai ka miƙe baya ka ɗaga kaya yadda aka koya maka. Ita sensa tana nan har ƙarshen aiki lokacin da gajiya ta shigo, mutum ya daina durƙusawa ya koma sunkuyo, yana murɗa ƙugu da kwali a hannu. Wannan amfani ne babba, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 1.71 ke fama da ciwon tsoka, ƙashi da gaɓoɓi.

Amma fa makin na'ura ba ya faɗin abin da zai faru gaba. An daɗe ana sa 'yan wasa su diro daga kan akwati a ga ko gwiwa tana faɗawa ciki, sai binciken da aka yi a Norway a 2016 kan mata 'yan ƙwallo ya nuna gwajin bai iya tantance wacce jijiyar gwiwarta za ta tsinke ba. To ta yaya kamfani zai kalli jan maki ya ce wannan ma'aikacin matsala ne, a sallame shi tun bai ji ciwo ba?

In sensa ta nuna mutum yana yawan sunkuyo, wallahi tebur ne ya yi ƙasa ko kayan sun yi nauyi ko an hana shi hutu. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka kilo 23 ta sa a matsayin iyakar nauyin da mutum zai ɗaga, shi ma sai komai ya daidaita. A ɗaga teburin, a raba kayan biyu, kuma a nuna wa ma'aikacin abin da aka auna a jikinsa, ya san wa ke gani da kuma inda ake ajiyewa.