Wai "ba ta yin komai"

Wanda ya yi wannan aika-aikar jiya a majalisa ya san kansa, kuma ba zan kama suna ba saboda darajar yayansa. Amma fisabilillahi, ka ɗauki Kindle ɗita, na'urar da nake karanta littattafai da ita, babu tambaya, da hannun da ka gama dangwalar yajin tsire, ka hau goga mata yatsa a fuska. Da ka ga ba ta motsa ba sai ka ƙara ƙarfi kamar mai duba ko kankana ta nuna. Da ka gaji ka cillo min ita kan tabarma, kana dariya kana cewa, "Yaya, wannan ai ba ta yin komai. Ko WhatsApp babu." Yaran suka tayaka dariya.

To na gode. Ka faɗi gaskiyar da ba ka san ka faɗa ba. Ba ta yin komai, kuma don haka na riƙe ta tun 2011.

Ga waɗanda suka ganta a hannuna a mota ko a bakin masallaci suna zaton tsohon kalkuleta ne, Kindle ce, samfuri na uku, wanda kamfanin Amazon ya fitar a 2010, mai ƙananan madannai a ƙasa. Wani ɗan'uwana ne ya taho min da ita tsaraba daga Ingila. Fuskarta inci 6, baƙi da fari, ba a taɓawa, ba ta kawo haske. Gefe da gefe akwai maɓallan juya shafi. Nauyinta bai kai na ƙaramin littafi mai kauri ba. Aikinta guda ɗaya ne tal: ta nuna maka rubutu, ta yi shiru.

Kai mai wayar da ke yin komai, faɗa min, yaushe rabonka da ka karanta shafi 20 a jere? Ba na nufin hirar rukunin 'yan ajinku. Littafi nake nufi. Na san amsar, don ni ma ina da irin wayar taka, kuma na san abin da ta yi min. Za ka buɗe littafi da niyya mai kyau, sakin layi biyu sai ƙit, saƙo ya faɗo daga sama. Ka ce bari in duba kawai. Daga nan wani ya turo bidiyon faɗan 'yan siyasa, daga nan ka gangara kallon masu rawa, kafin ka farga an kira Isha'i, data ta ƙare, caji ya koma ja, littafin yana nan a shafin da ka bar shi. Wayarka tana yin komai, shi ya sa kai ba ka yin komai.

Ita kuwa wannan baiwar Allah babu wanda zai kira ni ta cikinta. Babu mai turo min gayyatar ɗaurin aure. In na buɗe ta, inda na tsaya jiya nan za ta ajiye ni, ni da marubuci sai Allah.

Bari in yi maka bayanin fuskar da ka so fasawa, tunda rashin sani ya fi dare duhu. Ba irin ta waya ba ce da fitila ke ci a bayanta tana haska maka ido. A cikinta akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace cike da ruwa, da ɗigon launi fari da baƙi suna yawo a ciki. In ka danna maɓallin juya shafi, lantarki ya ɗan bi ta wurin, baƙaƙen su taso inda ake son harafi, fararen su taso inda ake son fili. Da zarar sun zauna, shi ke nan, ba sa buƙatar wuta kuma. Shafin zai tsaya a haka ko kwana nawa ne. Wannan fasaha ita ake kira E Ink, daga jami'ar MIT ta Amurka ta samo asali a shekarun 1990, kuma kamfanin Sony ya riga Amazon sa ta a na'urar karatu, tun 2004 a Japan. Saboda haka batir ba ya aiki sai lokacin da ka juya shafi. Tana sabuwa, in ka kashe intanet ɗinta, wata guda take kaiwa ba caji. Yanzu ta tsufa kamar mai ita, amma har gobe tana cinye mako biyu.

Mako biyu, malam. A ƙasar da in an kawo wuta yara ke ihu a layi kamar an ci ƙwallo.

Shekarun baya mun yi zaman makoki a ƙauyenmu, na kwana 9 a can. Babu wuta ko ta kallo. Kullum da hantsi sai ka ga samari da manyan wayoyi sun yi layi a rumfar mai caji, janareta na ta hayaƙi, a manna wa kowace waya lamba da farar takarda, ka biya kuɗi, ka dawo da yamma ka tarar an ba ka rabin caji. Ni kuwa ina ƙarƙashin darbejiya bayan an watse daga karɓar gaisuwa, na gama littafi 3, alamar batir ko gezau. Kuma a tsakiyar rana fa, lokacin da masu waya ke rufa wa kansu hula suna ƙanƙance ido don su ga lambar da ke kiransu. Ita wannan rana ce abincinta, iya ƙarfin rana iya fitowar rubutu, kamar takardar jarida.

Yanzu na san masu "amma" sun fara ɗaura ɗamara. Ku zo.

Amma ba ta da haske da daddare. E, ba ta da shi. Sai 2012 aka fitar da samfurin Kindle mai suna Paperwhite, mai fitila a jiki. Littafin takarda yana da haske ne? Malamanmu da suka haddace Ishiriniya da acibalbal fa? Ina da 'yar tocila mai maƙalewa, ta ishe ni.

Amma in an juya shafi sai fuskar ta yi baƙi ta dawo. Haka ne, ƙiftawa take yi don ta share ragowar rubutun baya. Kwana biyu za ka yi ka daina lura, kamar yadda mutanen unguwar da ke bakin titin jirgi ba sa jin wucewarsa.

Amma ba ta da kala. Me zan yi da kala? Zanen atamfa zan zaɓa?

Amma madannanta ƙanana ne, ko layin lambobi babu. Gaskiya ne, kuma rubuta kalma guda a kanta sai ka yi istigfari. Ni ba wasiƙa nake rubutawa ba. Akwai ma wata manhajar shiga intanet a ciki da su kansu masu ita suka sa ta a rukunin abubuwan gwaji, in ka buɗe shafi da ita za ka iya zuwa ka yi alwala ka dawo. Alhamdulillahi da wannan nawa tata. Da tana da sauri da tuni ta zama waya, da tuni na zama kai.

Inda zan sassauta murya guda biyu ne, don ba na son a ce soyayya ta rufe min ido. Na farko PDF. Duk littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi, musamman littattafan addini na Larabci masu sharhi a gefe da wani sharhin a ƙarƙashin sharhi, in ka sa shi a fuska mai inci 6 sai ya koma kamar sahun tururuwa. Ka ƙara girma, sai ka dinga tura shafin hagu da dama da ɗan maɓalli har ranka ya ɓaci. Littattafan Larabci na ainihi ma Amazon bai fara sayar da su a Kindle ba sai 2018, lokacin nan tawa ta riga ta zama kaka. Ɗalibin ilimi da ɗan jami'a mai littafin lissafi ko na likitanci cike da zane, wannan ba taku ba ce, ku nemi babban allo ko ku je wurin mai fotokwafi. Ban ce ta kowa ba ce.

Na biyun ya fi ciwo, kuma shi ya kamata ɗan majalisar nan ya kawo da yana da abin faɗa. Littafin da ka saya a kantin kamfanin a kulle yake zuwa, ba za ka iya miƙa wa maƙwabci ba, ba za ka sayar a gwanjo ba, magada ba za su raba shi ba. A watan Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ta iska ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka biya, har da littafinsa mai suna 1984, saboda wanda ya ɗora su a kantin ba shi da izinin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya fito ya ba da haƙuri da bakinsa, wani ɗalibin sakandare ma har kotu ya kai su don bayanan da ya rubuta na aikin makaranta sun tashi a banza. Ka duba ikon Allah, littafin da ke ba da labarin hukumar da ke share rubutu, shi aka share. Mu ma nan mun ɗanɗana makamancin haka da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a ƙarshen 2023, marubuta da masu karatu aka bar su da tattara komatsai. Zanen aro ba ya rufe katara, wannan na yarda.

To amma wa ya ce sai ka saya a wurinsu? Ga kebul, ga kwamfuta. Ka jona ta, ta buɗe kamar filashi, ka zuba abin da kake so. Ba ta karanta EPUB, wato nau'in fayil ɗin da littattafan intanet da yawa ke zuwa a ciki, kai tsaye, sai dai akwai manhajar Calibre, kyauta ce, minti ɗaya ta juya maka shi zuwa irin wanda take ganewa. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna jibge a shafin intanet na Project Gutenberg, dubbai, ba ko sisi. Labaran Hausa da marubutan intanet ke saki kyauta, maimakon in bi su gutsure-gutsure a waya tsakanin tallan turare da sanarwar cigiya, haɗa su nake in zuba, in karanta kamar mutum. Cikinta gigabayit 4 ne, wanda kamfanin ya ce zai ɗauki littafi 3,500. Ni ban kai 400 ba, kuma ko su ban ga ranar gamawa ba. Intanet ɗinta a kashe yake shekara da shekaru, wanda zai goge min littafi sai dai ya zo har gida ya yi sallama.

Kuma ku daina ganin kamar abin banza ne don ya tsufa. Samfurin farko da ya fito a Nuwamban 2007 dala 399 aka sa masa, a Amurka kaɗai ake sayarwa, mummuna ne na gaske, maɓallansa manya har in ka ɗauke shi sai shafi ya juya da kansa, cikinsa wajen littafi 200 kawai yake ɗauka. Duk da haka cikin awa biyar da rabi ya ƙare ƙaf, aka yi watanni ana jira. Mutanen nan ba wawaye ba ne, suna da kwamfuta, iPhone ma ta riga ta fito a shekarar. Abin da ba ya yin komai suka yi wa layi. Shekara uku bayan nan irin tawa ta sauko dala 139.

Bari in ajiye barkwanci in faɗi wani abu. Akwai shekarun da karatu ya mutu min murus. Ni da nake ɓoye littafi a cikin littafin darasi ina aji uku, na wayi gari shekara ta zagayo ban gama ko ɗaya ba. Na ɗora wa aiki laifi, na ɗora wa iyali. Ƙarya nake yi wa kaina, waya ce. Ranar da na zaro wannan aba daga ƙasan durowa na sa mata caji, makon farko hannuna har ƙaiƙayi yake, ina karatu ina laluben aljihu. Sai da na koma barin wayar a ɗaki in fito tsakar gida. A hankali abin ya dawo, irin nutsewar nan da za a yi maka magana sau uku ba ka ji ba. Yanzu ido ya fara rauni, sai in ƙara girman haruffa, abin da takarda ba za ta taɓa yi min ba. In na ci karo da kalmar Turanci mai wuya, na kai ɗan alamar kusa da ita, ma'anar ta fito a ƙasa, ba sai na tashi neman ƙamus ba. 'Yata ta fari da ita ta gama littafin Turancinta na farko, tana kwance rub da ciki a kan tabarma, kuma ban ji tsoron me za ta gani in ta danna wani wuri ba, don babu wani wurin.

Wannan ce ka goga wa yaji. Kuma don ka sani, a ƙarƙashin fuskar nan akwai gilashi siriri, in ya tsage daga ciki rabin shafi ne zai daskare har abada, babu mai gyaran wayar da zai tashe shi. Allah ne ya rufa mana asiri ni da kai. Har yanzu akwai tabon mai a kusurwar dama, na goge da tsumma ya ƙi fita.

Ba ta yin komai. Sake faɗa da ƙarfi, na bayan ba su ji ba.

Af, tunda maganar littafi ake, abu ɗaya da Kindle ta raba ni da shi shi ne masu aro. "Yaya, ba ni in duba, jibi zan dawo da shi." Akwai bawan Allahn da ya ɗauki ƙamus ɗina mai jan bango tun kafin ya yi aure, yanzu ɗansa na fari yana firamare. Na je barkar haihuwa gidansa na hango shi da idona an tokare tagar falo da shi. Ban yi magana ba saboda baƙi. Ina gida ranar Juma'a bayan La'asar, kuma in za ka aiko yaro, ka haɗo da faranti biyun da aka kai muku abincin Sallah.