Pusey, malamin da ya ƙi barin gida

Duk lokacin da aka tayar da zancen farkawar Oxford, wato yunƙurin da wasu malaman jami'ar Oxford suka yi na gyara Cocin Angilikan, sunan John Henry Newman ake fara kamawa. Ni kuwa Edward Pusey ne ya fi tsaya mini a rai, kuma ina ganin an tauye masa haƙƙi. A wajenmu ma ba kowa ya san shi ba, domin Angilikancin da ya iso mana ta hannun CMS, wata ƙungiyar mishan ta Angilikan, ya biyo, su kuwa ba layinsu ɗaya da shi ba.

Tafiyar farkawar ta soma a 1833 da wa'azin wani limamin coci, John Keble. Burin masu tafiyar shi ne cocin Ingila ta tuna tushenta: koyarwar magabata, azumi, darajar baftisma da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kiristoci ke ci su sha don tunawa da Almasihu. Ƙasidunsu ba sa ɗauke da sunan marubuci. Pusey, farfesan Ibrananci a Oxford tun 1828, da ya rubuta tasa kan azumi sai ya sa haruffan farko na sunansa. Mutum mai kujera da mutunci ya fito fili! Ba a daɗe ba abokan adawa suka laƙaba wa tafiyar duka sunansa.

Ya kuwa ji a jikinsa. A 1843 ya yi wa'azi cewa Almasihu yana nan da gaske a cikin Jibin, jami'a ta hana shi mumbarinta shekara biyu, ba ta ko saurari bakinsa ba. A 1845 Newman, amininsa, ya koma Katolika, wasu suka bi shi. Kowa ya zuba ido ya ga ranar da Pusey zai tattara nasa ya nasa. Bai tafi ba. Ya zauna ana zarginsa ta ko'ina, yana rubuta wa masu shakka wasiƙu, yana sauraron masu furta zunubi, har rasuwarsa a 1882. Wannan zaman ne ya hana tafiyar watsewa, kuma a ganina ya fi ficewar Newman wuya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne cocin St Saviour da ya gina wa talakawan Leeds da kuɗinsa, bayan rasuwar matarsa. Ya ɓoye sunansa. Rubutun da aka sa a ƙofa roƙo ne kawai ga mai shiga, ya yi wa mai zunubin da ya gina wurin addu'a. Da annobar kwalara ta faɗa wa gabashin Landan a 1866, yana ɗan shekara sittin da 'yan kai, ya bar littattafansa ya tafi jinyar marasa lafiya.