Motar haibirid da shan mai: lambar takarda daban, ta titi daban

Duk wanda ya taɓa shiga motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da injin lantarki mai batir, a karon farko zai tuna wannan abin. An zo danja, direba ya taka burki, sai ka ji tsit kamar an zare makulli, ka juya ka ce malam motarka fa ta mutu, shi kuma ya yi dariya ya nuna maka ɗan allon dashbod, ga kibiya tana tasowa daga taya tana shiga batir. Aka ba da hannu mota ta sulale ba ƙara ba hayaƙi, sai da aka ɗan yi gaba sannan inji ya farka. Daga nan kuma tambaya ɗaya ce ke biyo baya, kullum ita ce: kilomita nawa take yi a lita? Ni a ganina wannan tambayar ce tushen duk gardamar da ake yi a kan waɗannan motoci, domin wani zai rantse maka tasa tamkar shinshina mai take yi, wani kuma ya ce wallahi yaudara ce an cuce shi, kuma abin mamakin shi ne dukkansu biyu ba ƙarya suke yi ba.

Mu fara da inda lambar shan man nan da kamfani ke rubutawa a jikin takardar mota take fitowa. Ba a titi ake samo ta ba. Mota ake ɗorawa a kan wasu na'urori masu juyawa a cikin ɗakin gwaji, tayoyi na gudu amma mota na nan tsaye, direban gwaji yana bin wani layi a kwamfuta da ke gaya masa nan ka taka totur, nan ka saki, nan ka tsaya. Tsohon gwajin Turai da ake kira NEDC minti 20 ne kawai, tafiyar kusan kilomita 11, matsakaicin gudu bai wuce kilomita 34 a awa ba, ba AC ba kaya ba hawan dutse, tuƙi ne irin na wanda ya ɗauko ƙwai a cinya. Da abin ya yi yawa sai aka kawo WLTP daga watan Satumba na 2017, shi minti 30 ne, kilomita 23 da ɗan ɗori, gudu yana kaiwa 131. Ya fi na da kusanci da gaskiya kam, amma har a shi ɗin AC a kashe yake kuma ɗakin a ma'aunin zafi 23 yake, yanayin da ba zufa ba rawar ɗari.

Amurkawa sun riga su gyara nasu. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, ta sauya lissafinta tun daga motocin 2008, ta shigo da gudu mai yawa da kunna AC da tuƙi cikin sanyi. Me ya faru? Prius ɗin lokacin, haibirid ɗin Toyota, da aka rubuta mata mil 60 a galan cikin gari sai ta dawo 48, wato daga kusan kilomita 25 a lita zuwa 20. Mota ɗaya ce fa, ko ƙusa ɗaya ba a canja mata ba, ma'auni kawai aka canja. Sannan ga labarin haibirid ɗin Ford C-Max ta 2013 da aka tallata da mil 47 a galan, masu ita suka yi ta ƙorafi, kamfanin ya rage zuwa 43, a 2014 ya sake ragewa zuwa 40 har da biyan masu motocin kuɗin ban haƙuri. Saboda haka wanda ya ce bai yarda da takarda ba yana da hujjarsa, ruwa ba ya tsami banza.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ai ba haibirid kaɗai takarda take wa kwalliya ba, kowace mota ce. Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2024 daga mitocin da aka dasa a cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, mitoci ne da ke lissafa ainihin man da mota ta sha a hannun mai ita, aka ga motocin fetur da na dizal suna shan kusan kashi 20 cikin 100 sama da abin da gwaji ya nuna. To me ya sa mai haibirid ne ya fi kowa kuka?

Amsar tana cikin lissafi, kuma lissafi ne mai sauƙi da yawancinmu ba mu taɓa zama mun yi ba. A ce haibirid ɗinka a takarda lita 4.5 take sha a kilomita 100, ta maƙwabcinka mara batir lita 8. Zafi ya zo kun kunna AC, kun zuba kaya a but, kowannenku ya ƙara lita 1. Kai ka koma 5.5 shi ya koma 9. Yanzu juya shi zuwa kilomita a lita yadda muka saba faɗa: kai ka faɗo daga 22 zuwa 18, shi daga 12.5 zuwa 11. Kai za ka ga ka yi asarar kilomita 4 ka fara zagin kamfani, shi ko a jikinsa, alhali lita ɗaya ce tak ta ƙaru wa kowa, kuma har yanzu kai ne ka fi shi sauƙi da lita 3.5 a kowane kilomita 100. Shi ya sa ni na fi son a riƙa lissafi da lita nawa a kilomita 100, don wancan ɗayan yana ruɗa ido, yana mayar da ƙaramar asara babba a motar da dama can ba ta shan mai.

Sai kuma abin da dillali ba zai tsaya ya yi maka bayani ba: haibirid ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga iska. Irin wadda ba a jonawa da wuta, duk wata wuta da ke cikin batirinta daga fetur ta samo asali. Dabararta kawai tattali ce, tana tsince abin da sauran motoci ke zubarwa. Mota ta gargajiya in ka taka burki ƙarfin gudun nan zafi yake zama a jikin faifan burki ya bi iska, ita kuwa sai ta juya injin lantarkinta ya zama janareto ya mayar da wani kaso cikin batir. In an tsaya ta kashe inji. In ana jan jiki cikin cunkoso, inda injin fetur ya fi ɓarna, sai ta bar lantarki ya ja. Sannan injin nata ma irin na tattali ne da ake kira Atkinson, ba shi da zafin nama sosai shi kaɗai amma yana tatse mai, Toyota ta ce na Prius ɗin da ta fito a 2015 yana mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fetur zuwa aiki, wanda a duniyar injin fetur ba ƙaramin abu ba ne.

To duba duk waɗannan dabarun, a ina suke aiki? A tsaya a tashi. Ka hau babbar hanya ka ɗora ƙafa a 130 awa uku ba burki ba danja, me za ta tsinta? Babu. Inji ne ke aiki tun daga farko har ƙarshe, batir ya zama fasinja da bai biya kuɗin mota ba, kuma babban abokin gaba a nan iska ce, wadda in ka ninka gudu sau 2 turjiyarta sau 4 take ninkuwa. Alƙaluman EPA na motar Toyota RAV4 ta 2021 sun nuna abin ƙarara: haibirid ɗin mil 41 a galan cikin gari, 38 a babbar hanya, ta fetur zalla mai jan ƙafa huɗu wajen 27 cikin gari, 34 a hanya. Cikin gari tazarar kamar sama da ƙasa, a hanya kuwa 'yar kaɗan ce. Ka lura ma ita haibirid cikin gari ta fi yin kyau, akasin abin da muka sani tun muna yara cewa doguwar tafiya ce ke rage shan mai. Wannan ne ya sa direbobin tasi a manyan biranen duniya suka rungume ta tun tuni, su da ke wuni cikin goslo, kuma wannan ne ya sa matafiyin da rayuwarsa duk a kan kwalta mai nisa take zai ce bai ga abin da ake zuzutawa ba.

Gajeriyar tafiya ma wata matsala ce da ba a cika faɗa ba. Inji mai sanyi dole ya yi ɗumi, saboda haka minti biyar ɗin farko motar za ta bar shi a kunne ko da batir a cike yake, in tafiyarka duka minti bakwai ce to ka isa kafin tattalin ya fara. A ƙasashen ƙanƙara abin ya fi muni don hita daga zafin inji take samun ɗumi, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a irin wannan sanyin haibirid na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na tattalinta. Zafi mai tsanani shi ma ba ya raga mata, AC na zuƙar batir, batir ya yi ƙasa inji ya tashi ya cika shi, kana tsaye wuri ɗaya kana jin inji na kunna kansa.

Yanzu bari in zo kan wadda ni a ganina ita ce ainihin inda takarda ta yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, wato haibirid mai jonawa da wuta, wadda ake kira PHEV. Za ka ga an rubuta lita 1.5 ko ƙasa da 2 a kilomita 100, kai ka ce mota ce ta aljanu. Yadda aka samo lambar shi ne an ɗauka cewa kullum za ka kwana kana caji kuma yawancin tafiyarka gajeriya ce da batir zai ɗauke. Cibiyar binciken sufuri ta ICCT tare da cibiyar bincike ta Fraunhofer ta Jamus sun bi diddigin abin a 2022 a Turai, suka ga masu motocin kansu suna shan kusan ninki 3 na abin da aka rubuta, motocin da kamfanoni ke ba ma'aikata kuwa kusan ninki 5. Dalilin ba boyayye ba ne, wanda ofis ke biya wa kuɗin mai me zai sa ya wahalar da kansa da jan waya? Wancan rahoton na Tarayyar Turai ma ninki 3.5 ya samu. Motar ba ta da laifi in ana cajinta, mai garejin da ke da soket kuma tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita 40 ko 50 ba zai iya yin makonni bai leƙa gidan mai ba. Amma wanda ba shi da wurin caji ya saye ta don ya ga 1.5, to ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, zai riƙa yawo da ƙaton batir mai nauyin mutum biyu ko uku da ba ya tsinana masa komai. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan mai batir na bolt 48 da ake manna wa sunan haibirid a bayan but, ita taimakon inji kawai take yi wajen tashi, ragin kaɗan ne, kar a haɗa ta da Prius.

Na san masu cewa to ai ragin man ba zai biya tsadar motar da fargabar batir ba. Maganarsu abin dubawa ce, amma amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa, ta danganta da kilomita nawa kake ci a shekara da kuma a ina kake cin su. Batun batir kuwa an daɗe da wuce zamanin tsoro, Prius tun 1997 take kan titi a Japan, kuma Toyota a Amurka garantin shekara 10 ko mil 150,000 take bayarwa kan batirin tun daga motocin 2020. Sai dai batir yana tsufa, kuma tsufansa a shan mai ake fara ganinsa kafin wata fitila ta kama. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana duba wata tsohuwar haibirid da mai ita ke kukan ta fara shan mai, bai taɓa inji ba, kujerar baya ya nufa, ya ɓalle wani ɗan murfi mai ramuka a gefe, ya zaro matatar fankar da ke sanyaya batir, ta toshe da ƙura da gashi da zaren kafet har ta zama kamar bargo. Batir na zafi, kwamfutar mota na rage masa aiki don kar ya lalace, inji na ɗaukar nauyin. Mai motar shekara nawa yana jingina jaka a daidai wurin bai san numfashin batir yake toshewa ba.

Kuma dan Allah a daina kafa hujja da lambar dashbod, sau da yawa tana ɗan yi wa mai ita daɗin baki, kuma hoton da ake ɗauka a watsa bayan an gangaro daga tudu ba shaida ba ce. In kana son sanin gaskiyar motarka, cika tanki har famfo ya katse da kansa, mayar da mitar tafiya sifili, yi harkokinka yadda ka saba da AC ɗinka da yaranka da lattin da ke sa ka taka wuta, in ka dawo ka sake cikawa a famfo ɗaya ka rubuta litar da ta shiga. Raba litar da kilomitar ka ninka da 100. Yi haka sau uku ko huɗu, ɗaya cikin zafi ɗaya cikin sanyi, ka duba iskar taya kafin ka fara, in akwai kariyar ɗora kaya a saman motar da ba ka amfani da ita ka sauke ta tukuna.