Naman da ke ƙeyarka, mai riƙe ka a ruku'u

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, da alhazan da ke zuwa mana baƙunta.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Infiɗar shi ne wanda ya halicce ka, ya kyautata sifarka, ya daidaita ka. Ɗan'uwa, kai hannu ƙeyarka, daidai inda wuya ya haɗu da kai. A bayan wannan ƙashin akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda likitocin nan ƙasar ke kira mukhaikh. Nauyinta bai wuce giram 150 ba, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa a cikinta Allah ya tara su. An naɗe ta ninki-ninki sirara, ɓari biyu ne dama da hagu, da wani siririn sashe a tsakani mai kama da tsutsa. In an yanka ta, farin cikinta rassa ne kamar na bishiya.

Ba ita ke ba gaɓɓai umurnin motsi ba, aikin babbar ƙwaƙwalwa ne wannan. Ita mai gyara ce. Saƙo yana zuwa mata daga cikin kunne, daga ido, daga tsoka da gaɓoɓi, sai ta auna abin da ka yi niyya da abin da jikinka ke yi, ta gyara kuskuren tun ba ka ankara ba. Shi ya sa kake sunkuyawa ruku'u ba ka kifa ba, ka ɗago daga sujada ba ka dafa bango ba, ka kewaya Ka'aba sau bakwai cikin turmutsutsu ana bangazarka ƙafarka ba ta harɗe ba. Harshen mai karatu ma, da yake raba dali da lallausan harafi a kan lokaci, da hannunta a ciki. Yaushe rabonka da ka gode wa Allah a kan wannan?

Idan ta samu matsala, ƙarfi yana nan, saiti ne ke tafiya. Mutum ya buɗe ƙafafu yana tangaɗi kamar mashayi, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin zamzam hannun ya kama rawa ya wuce kofin, magana ta riƙa jan harshe, ƙwayar ido tana kaɗawa. Ɓarin dama ne ke kula da daman jiki, hagu da hagu, saɓanin babbar ƙwaƙwalwa da ke aiki a gicciye.

A nan nasihar take. Mu ji tsoron Allah game da dattijon da muka gani yana tangaɗi a hanyar masallaci. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ma ya munana zato. Jiri mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da amai, da ciwon ƙeya, mutum ya kasa tsayuwa ko zama ba a tallafe shi ba, musamman mai hawan jini ko ciwon suga, yana iya zama toshewar jijiyar jini ko fashewarta a wannan wurin. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi, awa huɗu da rabi daga farawar alamun. Kuma wurin matsattse ne, in ya kumbura cikin 'yan kwanaki sai ya danne tushen ƙwaƙwalwa inda numfashi yake. A kira 997, lambar motar asibiti, nan take. A yi addu'a da tofi a cikin motar asibiti, kada a kwana ana jiran gari ya waye, kada kuma a ɗura masa ruwa ko abinci, zai iya shaƙewa.

Sai maganar zafin rana. Manyan ƙwayoyin wannan sashe, da ake kira Furkinje da sunan masanin da ya bayyana su a 1837, ba sa jure zafi. In zafin jiki ya haura digiri 40, suna cikin na farkon mutuwa, kuma ba sa dawowa. Akwai wanda ke tsira daga bugun rana ya ƙare rayuwarsa yana tangaɗi. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu cikin tsananin zafi. Ƙin riƙe lema a Arfa, ko dagewa sai an yi jifa da tsakar rana, ba ƙarin taƙawa ba ne. Wanda ya ruɗe jikinsa ya yi zafi rau, a ja shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata, tun kafin mota ta iso.

Giya kuwa, a tsakiyar wannan nama take fara ɓarna, shi ya sa mashayi ke layi, kuma shekaru na sha suna sa shi ya ƙanƙance har abada.

Wanda kuma aka jarrabe shi da lalurar ƙaramar ƙwaƙwalwa, kada kunya ta sa ya tilasta tsayuwa ya faɗi a sahu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ummu Salama da ba ta da lafiya, a kan abin hawa ya ce ta yi ɗawafi. Keken guragu na Harami don irinsu aka tanada, a tura su kawai.