Butar Bakano a Akita

Wani ƙaramin gari ne a jihar Akita, can arewacin Japan, inda dusar ƙanƙara ke toshe ƙofar gida da hunturu. Bazazzage shekararsa huɗu yana koyar da Turanci a makarantun garin. Bakano kuwa, shi ma malamin Turanci, cikin Afrilu ya iso, lokacin da suke buɗe sabuwar shekarar karatu, aka ba shi ɗaki a bene ɗaya da taubashinsa. Ranar wata Asabar cikin Disamba, Bazazzage ya cusa ƙafafu ƙarƙashin kotatsu, teburin nan mai bargo da hita a ciki, sai ga Bakano ya faɗo da leda a hannu.

BAKANO: Salamu alaikum. Matsa in sa ƙafa, yatsuna sun daina amsa kira.

BAZAZZAGE: Wa alaikumus salam. Cire takalmi tukuna, bawana, tabarmar tatami ce ba kasuwar Kurmi ba. Ledar fa? Tsaraba ka kawo wa ubangidanka?

BAKANO: Shara ce. An dawo min da ita, karo na uku. Da sassafe na kai bola, ina dawowa na tarar da tsohuwar nan ta ƙasan bene tsaye a ƙofata, ta riƙe ledar da hannu biyu, an manna mata jar takarda. Ta rusuna, ta ba ni haƙuri. Ni na yi laifin, ita ke ba da haƙuri! Gara ta zage ni in san inda na dosa.

BAZAZZAGE: Me ka saka a ciki?

BAKANO: Robar ruwa guda ɗaya tal.

BAZAZZAGE: Ka cire murfin? Ka ɓare takardar jikinta? Ka ɗauraye ta?

BAKANO: In wanke shara? A gida yaro zan miƙa wa ya ce Allah ya saka, gobe in gan ta cike da zoɓo.

BAZAZZAGE: Gode wa Allah ba garin Kamikatsu aka kai ka ba. Can gida sama da 40 suke kasa shararsu. Kai dai tun ranar farko ka ɓata rawarka da tsalle.

BAKANO: Kar ka tayar da wannan maganar.

BAZAZZAGE: Zan tayar, har jikoki sai sun ji. An tara yara a zauren wasanni, an ce ka gabatar da kanka, ka bugi ƙirji ka ce "Bakano!" Yara suka kife da dariya, har shugaban makaranta ya sunkuyar da kai yana tari. A Japananci baka shi ne wawa. Mu Zage-zagi shekara da shekaru muna gaya wa duniya ba a yarda ba, ashe Japanawa tuni suka sa a ƙamus.

BAKANO: Ai na gyara. Na ce musu daga Kano nake, malamin wasanni ya miƙe tsaye don girmamawa.

BAZAZZAGE: Don ya ɗauka danginku ɗaya da Jigoro Kano, wanda ya kafa kokawar judo a 1882. Ya ja ka filin atisaye, me ya faru?

BAKANO: Santsi ne ya kwashe ni.

BAZAZZAGE: Santsin shekararta 13, tana da kitso biyu.

(A nan Bakano ya ja bargon kotatsu da ƙarfi har ƙafar Bazazzage ta fito waje. Ni dai ban ga laifinsa ba.)

BAKANO: To kai da kake taƙama, wane aikin kake yi da ya fi nawa?

BAZAZZAGE: Ni malami ne. Tun 1987 gwamnatin ƙasar nan ta buɗe shirin JET tana ɗauko baƙi su taya malamansu koyar da Turanci, daga baya kamfanoni suka shigo harkar. Daga 2020 kuma Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare. Ka ga ƙasa na bukatar masana irina.

BAKANO: Masani ko rikoda mai jini? Na leƙa ajinka. Malamar tana bayani da Japananci minti arba'in, kana tsaye jikin taga kamar an jingine tsintsiya. Sai ta nuna ka da alli, ka karanta layi uku, yara su maimaita, ta sake nuna ka, ka kashe kanka.

BAZAZZAGE: Amma suna koyo.

BAKANO: Ƙwarai. Rannan yaro ya faɗo daga keke a ƙofar makaranta, gwiwa na jini, na ruga na ce "Hawa yu?" Yana hawaye ya ce "Aimu fain sankyu, ando yu?"

BAZAZZAGE: Ɗalibina ne. Ka ji lafazi.

BAKANO: Ni watan Agusta ne ya kusa kashe ni. Yara na hutu, babu darasi, amma dole in zo in zauna a ofishin malamai daga safe har yamma ina ɗumama kujera. Na ce zaman banza ba na Bakano ba ne. Na tambayi mataimakin shugaba ko zan riƙa kawo dabino ina sayar wa malamai. Ya karkata kai, ya ja iska ta haƙora, ya ce "cotto". Na duba ƙamus, ma'anarsa kaɗan. Washegari na kawo kaɗan.

BAZAZZAGE: In Bajapane ya ce cotto yana jan iska, a'a ce wadda ta sha turare. Ba a nan ka fi ba ni kunya ba ma. Oktoba fa?

BAKANO: Hajiyarmu nake waya da ita! Ƙarfe huɗu na yamma a nan, takwas na safe a gida, sai lokacin ake samunta. Layi na yankewa, ina ɗaga murya a bakin ƙofar makaranta: a sayi masara, kuma a biya kuɗin makarantar Sani, kuma, kuma, Hajiya kina ji, kuma! Ina juyowa na ga yara sun watse, ƙararrawar da suke ratayawa a jaka sai kaɗawa take.

BAZAZZAGE: A Akita, inda dabbar nan beya ke shigowa har cikin gari, ka tsaya kana ihun kuma. Sunanta ke nan da yarensu. Motar 'yan sanda biyu aka turo.

BAKANO: Duk wannan mai sauƙi ne. Akwai wadda ban gaya maka ba.

BAZAZZAGE: Allah ya sa ba korarka aka yi ba.

BAKANO: Ka san tun zuwana na cika takarda, na buga hatimina, cewa ba na cin abincin rana na makaranta saboda naman alade, da kwanona nake zuwa. To robar nan da ka gani a shara, da ita nake alwala, sanyi ya fasa ta. Ranar Litinin azahar ta yi, na je wurin mataimakin shugaba in tambaya ko akwai buta. Turancinta ya ɓace min fat.

BAZAZZAGE: Malamin Turanci!

BAKANO: Sai na ce masa "buta". Ya zaro ido. Na ga bai gane ba, na kwatanta: na wanke hannu, na wanke fuska, na shafa kai, na wanke ƙafa, na ɗaga yatsu biyar, wato sau biyar a rana. Ya ɗauko takardar da na cika, ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta.

BAZAZZAGE: Innalillahi. Ka san me ake kira buta a ƙasar nan?

BAKANO: Yanzu na sani. Alade.

(Sai da Bazazzage ya kwanta a tatami yana dukan ƙasa, maƙwabci ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya iya tashi.)

BAKANO: An yi taron malamai a kaina, awa guda da rabi. An aika takarda ofishin ilimi ta na'urar faks. Ba wanda ya tambaye ni, wai kar a kunyata baƙo. Abin da suka tsayar shi ne al'adarmu ta hana ci, amma muna son abin a kusa da mu. Jiya mai kantin kusa da tasha ya nuna min hoton gonar ƙaninsa, ya ce duk ranar da na so ziyara ƙofa a buɗe take.

Ana cikin haka ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Tsohuwar ƙasan bene ce, da ƙunshi naɗe cikin kyakkyawan ƙyalle. Ta rusuna, Bakano ya rusuna, ta ƙara rusunawa, ya ƙara, sai da Bazazzage ya riƙo shi ta baya kar ya kife. Ta miƙa masa ƙunshin da hannu biyu, ta yi 'yan maganganu, ta sauka.

BAKANO: Me ta ce?

BAZAZZAGE: Ta ce ba wani abin kirki ba ne, amma ta ji labarin kana kewar gida. Buɗe.

BAKANO: La ilaha illallahu. Alade ne! Na tangaran, baki buɗe!

BAZAZZAGE: Gidan maganin sauro mai hayaƙi ne, da bazara suke kunnawa a cikinsa. Wannan ma tsohon yayi ne, ka ga na gado ta ba ka. Sai ka shirya tukuici, a nan kyauta ba ta tafiya ba ramuwa.

BAKANO: Gobe da asuba zan kai shi bola.

BAZAZZAGE: Tangaran sharar da ba ta ƙonuwa ce. Sau ɗaya ake kwasa a wata, cikin ledar da ake hango abin da ke ciki, da sunanka a jiki. Wa kuma ke duba bolar unguwar nan?

Bakano ya yi shiru. Ya juya abin a hannu, ya ƙwanƙwasa cikinsa da farce, ya duba ƙasansa ko akwai tsaga.

BAKANO: Ranka ya daɗe, ɗakin nan naka ba sauro?

BAZAZZAGE: A Disamba? Ƙanƙara har gwiwa?

BAKANO: Shi ya sa zan yi maka ragi. Kawo yen 500.