Matan da suka hau gadon sarauta: an riƙe tsegumi, an saki aiki

Wajen shekara 1,479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Masar Thutmose na Biyu ya mutu ya bar magaji ɗan ƙaramin yaro, wanda ɗaya daga cikin ƙananan matansa ta haifa. Uwargidansa Hatshepsut, wadda ita kanta 'yar sarki ce, ta karɓi riƙon ƙwarya kamar yadda al'adar gidan ta tanada. Da ta tsaya a nan, da babu mai tuna ta yau. Amma cikin shekara bakwai ta ɗauki cikakkiyar sarautar Fir'auna, wato laƙabin sarakunan Masar na wancan zamani, ta riƙe ƙasar fiye da shekara 20.

Ina so mu tsaya a kan abin da ta yi da waɗannan shekaru, domin nan ne ake yi mata rowar adalci. Ta tura jiragen ruwa biyar ta Bahar Maliya zuwa ƙasar Punt, suka dawo da zinariya, hauren giwa, baƙin katako da turare, har da itatuwan turaren da ransu, da saiwarsu a cikin kwanduna, don a dasa a Masar. Mai tunanin dasa itacen da ake sayo ƙaronsa daga waje ya san tattalin arziki. Ta sa aka sassaƙo dogayen ginshiƙan dutse daga Aswan aka ɗauko su ta Kogin Nilu zuwa Karnak; ɗaya yana tsaye har yanzu, tsawonsa ya kusa mita 30, kuma rubutun da ke jikinsa ya ce cikin wata bakwai aka gama aikin. Ginin da ta kafa a gindin duwatsun Deir el-Bahari, hayin Luxor, har gobe masana gini na zuwa kallonsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar baitulmali mai ƙarfi, ma'aikata masu biyayya da ƙasa mai zaman lafiya. Ba a yin su da sa'a.

Duk da haka sai da ta sa aka riƙa sassaƙa gumakanta da gemun sarauta da tufafin maza, saboda mutanenta ba su san siffar sarki ba sai ta namiji. Bayan mutuwarta da kimanin shekara 20 kuma, a ƙarshen zamanin Thutmose na Uku, wato yaron nan da ta yi wa riƙon ƙwarya, aka bi bango-bango ana kankare sunanta, aka farfasa gumakanta aka zuba a rami. Jerin sunayen sarakuna da aka rubuta daga baya a Abydos ya tsallake ta kamar ba a taɓa yin ta ba.

Turawan farko da suka tono labarinta sun yi mata fassara mai sauƙi: muguwar kishiyar uwa ce irin ta tatsuniya, ta danne maraya, shi kuma da ya girma ya rama. Suka ƙara da cewa babban wakilinta Senenmut, wanda ya yi renon 'yarta Neferure, farkanta ne, alhali babu wata hujja tsayayya. Wannan fassarar ba ta zauna ba. Yaron nan ba ta kashe shi ba, ba ta kore shi ba, sunansa yana gefen nata a rubuce-rubucen hukuma, kuma a ƙarƙashin mulkinta ya girma ya zama jarumin da ya ci yaƙin Megiddo. Mai jin haushi ba ya jiran shekara 20 kafin ya huce. Abin da ya fi kama hankali shi ne, ana so ne a share misalin, kada wata 'yar sarki ta tashi gobe ta ce ai an taɓa yi.

Wani zai ce ai waɗannan mutanen jahiliyya ne, me ya haɗa mu da su? To mu matso kusa, a Masar ɗin dai. A 1249 Sarkin Faransa Louis na Tara ya shigo da rundunar 'yan Salibiyya, ya riga ya kama Damietta, sai Sultan Salih Ayyub ya rasu a sansanin Mansura. Matarsa Shajaratud-Durr, wadda asalinta baiwa ce, ta ɓoye rasuwar, aka ci gaba da kai abinci ɗakinsa ana fitar da umarni da sunansa, don kada sojoji su watse. Rundunar ta tsaya, aka karya Faransawa, aka kama Louis da kansa a 1250. Aka naɗa ta sarautar Masar, aka buga kuɗi da sunanta, aka yi mata addu'a a huɗubar Juma'a. Kwana 80 kawai ta yi. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Musta'asim ya aiko daga Bagadaza cewa idan maza sun ƙare a Masar a faɗa masa ya turo. Bayan shekara 8 Mongol suka ci Bagadaza a hannunsa, Masar kuwa ta tsira, kuma daular Mamluk da ta fara daga kan matar nan ce ta tare Mongol a Ain Jalut a 1260. A Delhi ma haka aka yi wa Raziya, 'yar Sultan Iltutmish, wadda ta yi mulki daga 1236 zuwa 1240: da manyan fada suka tashi tsige ta, kusancinta da wani bafadenta Bahabashe mai suna Yaƙut suka riƙe.

Ba fatawa nake bayarwa ba. Hukuncin shugabancin mace fagen malamai ne, kuma sun yi magana a kai. Ba kuma cewa nake matan nan waliyyai ne ba. Shajaratud-Durr ta sa an kashe mijinta na biyu Aybak a 1257, ita ma aka kashe ta kisan wulaƙanci jim kaɗan bayan haka. Hawan mace ɗaya kan gado bai sauƙaƙa wa matan manoma da bayi komai ba a ko'ina cikin ƙasashen nan. Abin da ke damuna shi ne ma'auni biyu. Sarki namiji ana auna shi da garuruwan da ya ci, kasuwannin da ya buɗe da ginin da ya bari, ko da ya tara ƙwaraƙwarai ɗari babu mai ɗaga gira. Mace kuwa sai a wuce duk wannan a leƙa ɗakin kwananta.

Mu ma a nan gida mun yi wa tamu. Amina 'yar Bakwa Turunku ta Zazzau, idan aka ambace ta a majalisa, kafin a kai ga ganuwa wani ya riga ya kawo zancen cewa wai duk garin da ta ci sai ta kwana da namiji, da asuba a kashe shi. Yara sun haddace wannan. Kaɗan ne suka san cewa tsohon kundin tarihin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ikonta ya kai Kwararrafa da Nupe, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, malami ɗan malami, ya ambace ta a rubutunsa na tarihi a matsayin wadda ta shimfiɗa ikon Zazzau har nesa, bai ga abin ɓoyewa ba. Goro da babanni haraji ne, haraji kuma shaida ce ta iko a kan hanyoyin fatauci da suka haɗa kudu da arewa. Nan ne labarin yake, kuma nan ne ya kamata malamin makaranta ya daɗe da ɗalibansa, har da ɓangaren da ba shi da daɗi, domin yaƙin nan ya ci rayuka ya kuma kama bayi.

Masana har yanzu sun rabu kan zamaninta, wasu na cewa ƙarni na 15, wasu na 16. Irin wannan saɓani haƙar ƙasa ce ke warware shi. Kufan Turunku, tsohon garin da ake dangantawa da gidansu, yana nan a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, ragowar ganuwoyin da ake jingina mata suna nan a garuruwa da dama, ruwan sama na ci, masu gini na ɗiba. Muna da sashen binciken kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, tafiyar da ba ta da nisa daga wurin. Mun sa sunanta a makaranta da ɗakin kwanan ɗalibai, mun kafa mata mutum-mutumi a Legas. Kuɗin da za a ba masu bincike su haƙa Turunku sosai, su auna shekarun abin da suka samu, su rubuta mana da Hausa, bai kai na bikin naɗin sarauta ɗaya ba.