Lakwaja: Ziyarar yini guda da ta kamata Hausawan Abuja su riƙa kaiwa

Duk lokacin da aka samu hutu, magidancin Abuja ya kan kwashi iyalinsa zuwa bakin tafkin Jabi ko wani katafaren kanti, yara su sha askirim a dawo gida, wanda kuma Allah ya hore wa ya nufi Dubai. Ba laifi ba ne, amma abin takaici ne a ce garin da aka fara kafa mulkin mallakar Arewa a cikinsa yana nan kimanin kilomita 200 daga Abuja, yawancinmu kuwa ba mu san shi ba sai a matsayin wurin da direba ke tsayawa a sayi kifi a kan hanyar kudu.

A Lakwaja ne ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya ayyana Arewa a ƙarƙashin Turawa, tun kafin sojojinsa su taka Kano ko Sakkwato. Hedikwatar ba ta daɗe a nan ba, ta koma Jebba, ta wuce Zungeru a 1902, daga baya ta zauna a Kaduna. Wanda ya hau Dutsen Patti, inda gidan hutun Lugga yake, ya hango mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai shimfiɗe a ƙasa, kwale-kwalen masunta na ratsa ta, ba ya buƙatar malami ya bayyana masa dalilin da ya sa Turawa suka zaɓi wurin, domin a zamanin da babu titi babu dogo, wanda ya riƙe wannan mahaɗa ya riƙe ƙofar shiga Arewa.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne unguwar Kabawa da kewayenta, inda sarakunanmu da Turawa suka tuɓe suke kwance. Sarkin Kano Alu, wanda ya hau gadon sarauta a 1894, yana Sakkwato lokacin da aka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa a 1926 ba tare da ya sake ganin ganuwar birninsa ba. Sarkin Zazzau Kwasau ma a nan ya cika, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda Turawan da suka naɗa shi su ne suka tuɓe shi daga baya. Etsu Nupe Abubakar na Bida shi ma nan aka kawo shi. A dubi irin wannan ƙaddara: mutumin da ake busa wa kakaki, dogarai na gaba fadawa na baya, ya ƙare kwanakinsa a gari mai zafi da sauro, kwanaki masu yawa na tafiya daga danginsa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Baƙon da ya isa Lakwaja ba zai sha wahalar samun mai nuna masa gidan Lugga ba, ko makarantar Holy Trinity da aka kafa a zamanin Bishop Ajayi Crowther, ko maƙabartar Turawa. Kaburburan sarakunan kuwa suna cikin unguwa tsakanin gidajen jama'a, sai da tambaya ake isa gare su. Ban ga laifin mutanen garin ba, domin wuri yana samun kulawa ne gwargwadon masu zuwa neman sa, mu da ya kamata mu je mu nema kuwa ba ma zuwa. Ɗalibin da aka koya wa zuwan Turawa a aji zai manta da shekarun bayan jarrabawa, amma da wuya ya manta ranar da ya tsaya a gaban kabarin Alu ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.

Masu cewa hanyar ba ta da daɗi suna da hujja. An shafe shekaru ana aikin mayar da ita tagwaye, manyan motoci sun yi mata yawa, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse ta a wajen Koton Ƙarfe. Amma wanda ya zaɓi lokacin rani, ya tashi bayan sallar asuba, ya bi ta Gwagwalada da Abaji ya haye gadar Murtala, zai isa da hantsi, ya yi ziyararsa, ya sallaci azahar a can, ya dawo Abuja da sauran rana.

Makarantun Abuja, musamman na Islamiyya, ya dace su sanya Lakwaja cikin jadawalin fitar ɗalibai. Masarautun Kano da Zazzau da Bida kuwa, tare da gwamnatin jihar Kogi da fadar Maigarin Lakwaja, ba zai gagare su ba su kewaye kaburburan nan, su ɗauki mai kula da su, su kafa alluna da boko da ajami masu ɗauke da sunan kowane sarki da shekarun mulkinsa da dalilin kawo shi.